Sha'ibu Kama-Waje da Akwatin Mayahi

Sunan na fara ji tun ban san akwai mutum a bayansa ba. A gidanmu na Tasawa, idan aka ajiye mana ƙosai a faranti guda, wani cikinmu ya cusa ɗaya a baki ya kuma dafe uku da tafin hannu don kada a riga shi, innata ba ta yin tsawa. Sai dai ta ce, "To, Sha'ibu Kama-Waje, a sakar wa jama'a." Na daɗe ina zaton wani dodon tatsuniya ne mai hannuwa da yawa. Sai wata sallah da aka kai mu gaisuwa gidan ƙanen kakata, aka ce ga Kaka Sha'ibu nan, na tarar da wani siririn tsoho a kan tabarma, hannu biyu kamar na kowa, da littafi a cinya. Wani sashe na labarin nan daga bakinsa na ji, wani daga bakin innata, sauran kuma daga bakin waɗanda ya ɓata wa rai, don su suka fi riƙe shi da kyau.

Sha'ibu ɗan kamasho ne a tashar Tasawa, tun yana saurayi har gemunsa ya yi furfura. Aikinsa ya cika mota ya sallame ta, ko ta Maradi ce, ko ta Damagaram, ko ƙananan nan da ke barin kwalta su shiga yashi zuwa Mayahi da ƙauyuka. A tasha akwai dokar da ba a rubuta ba amma kowa ya san ta: idan mutum ya ɗora hularsa a kan kujera ya tafi sayen goro ko alwala, wajen nasa ne, ba mai zama. Sha'ibu ne alƙalin wannan doka. An ce ya taɓa sauke wani babban ma'aikaci daga kujerar gaba saboda hular wani manomi ɗan Attantane ta riga shi, ma'aikacin ya yi ta Faransanci, Sha'ibu yana nuna masa hula.

Akwai kuma wata dabara da ba a faɗa wa baƙo. Fasinja ba ya son motar da ba kowa a ciki, don ya san wuni zai yi. Saboda haka da safe Sha'ibu kan kirawo mazauna bakin tasha, da mai faci da wanda ya zo rakiya da wanda ba shi da wajen zuwa, ya zuba su cikin mota su yi shiru kamar matafiya. Baƙo ya leƙa ya ga saura waje kaɗan, ya shiga da sauri. Yana zama sai ya ga na kusa da shi ya tuna bai kama ruwa ba, ya sauka, ya tafi ke nan. Sha'ibu bai taɓa yarda a kira wannan yaudara ba. Cewa yake yi taimakon mota ne ta tashi da wuri, kuma baƙon ma ai tashi da wuri yake so.

Abin da direbobi suka fi tuna shi da shi kuwa wani abu ne daban. Duk motar da ya sallama, idan ta dawo sai ya tare direban ya tambayi saukar fasinja: tsohuwar nan mai kaji ta sami mai tarbarta, yaron nan mai zazzaɓi an kai shi asibiti. Idan bai ji yadda aka sauka ba, tuwon ranar ba ya yi masa daɗi. Shi kansa, in ban da Maradi da aka taɓa kai shi cire haƙori, bai taɓa zuwa ko'ina ba.

Da gwiwoyi suka fara ƙi, ya bar wa na baya aikin. Zaman gida ya ishe shi nan da nan, matarsa ma ya ishe ta. Ya shiga ajin karatun manya, ya fara da Hausar boko, daga nan ya ce a ƙara masa Faransanci, tunda na baki yana da shi gwargwado, irin na gardama da jandarma a kan lodi. Karatun ya zauna, sai dai a hankali yake tafiya. Yatsa a ƙarƙashin kalma, leɓe na motsi, kuma kalmar da ta gagare shi ba ya tsallake ta. Nan zai tsaya har wani ɗan lakol da ya taso daga makaranta ya gitta ya tambaye shi. Ya ce bai saba barin fasinja a hanya ba.

Ɗakin karatun gari ɗaki ɗaya ne mai taga biyu, ƴan lakol na ce masa bibiliyotek. Mai kula da shi Madam Uwani ce, tsohuwar malama da ta ajiye alli. Littattafan ɗakin na dindindin an karanta su har sun yi laushi kamar tsumma, shi ya sa kowa ke jiran akwatin ƙarfe. Akwatin na zuwa daga Maradi bayan girbi, cike da sababbin littattafai, ya yi wani lokaci a Tasawa, sannan a ɗora shi a mota a kai wa mutanen Mayahi su ma su samu. Littafi ɗaya ake ba mutum aro a lokaci guda. Idan yana son wani alhali hannunsa a cike yake, sai ya ce wa Madam ta kama masa. Ta yanki ɗan kwalin sukari, ta rubuta sunansa, ta soka cikin littafin, ta ajiye a kantar da ke bayanta inda hannun kowa ba ya kaiwa. Mutanen ƙauye da ba su shigowa gari sai ranar kasuwa, an yarda ɗan gari ya kawo saƙonsu a kama masu. Ba wanda ya taɓa sa wa kamu iyaka, don ba a taɓa bukata ba. Mutum ya kama ɗaya, idan ya yi ƙarfin hali ya kama biyu, daga nan kunya ta riƙe shi.

Ranar da Sha'ibu ya fara shiga, ya ga littafin da ya yi masa, sai ya cire hula ya kife a kai, ya tafi sallar la'asar kai ba hula. Da ya dawo Madam ta miƙa masa hularsa da hannu biyu, ta nuna masa yadda ake yi da kwali. Ya juya kwalin gaba da baya, ya ce ai wannan ma hula ce, ta ma fi sauƙi, rana ba za ta gasa wa mutum kai ba. Ya tambaya huluna nawa aka yarda wa mutum ɗaya. Madam ta yi dariya ta ce ba a taɓa ƙirgawa ba, Baba. Ya riƙe maganar a ransa.

A akwatin wata shekara aka zo da wani littafi mai kauri kamar bulo, labarin jirgin ruwa da ya ɗauki fasinja zai ƙetare teku. Wata ƴar kolej ce ta fara aronsa, ta dawo da shi da wuri, sannan ya faɗa hannun Sha'ibu. Hoton bango ya ja shi, labarin ya riƙe shi. Shugaban jirgin direba yake ce masa, kuma tun farko bai yarda da shi ba, don ya yi lodi fiye da ƙima. Akwai wani kuku mai yawan dariya da Sha'ibu ya ɗauka aboki, akwai kuma wata mata mai tsohon ciki da za ta wajen mijinta. Kullum da safe Sha'ibu ya tafi rumfar Mamudu mai shayi a bakin tasha, ya ba direbobi labarin inda aka kwana. Abin ya kai direban Damagaram kan leƙo ta taga tun bai kashe mota ba, ya tambaya ko matar ta sauka. Duk lokacin da wa'adin aro ya cika Madam ta sabunta masa, tunda ba mai jiran littafin.

Zafi ya shigo, jirgi na tsakiyar teku, guguwa ta kakkarya shi, ruwa na shiga ta ƙasa. A daidai nan ne Madam ta gaya masa, cikin ladabi, cewa akwati ya kusa tafiya Mayahi. Sha'ibu ya matse shafukan da suka rage tsakanin yatsu biyu, ya ga sun kusa kai waɗanda ya karanta. Ya tambaya ko za a bar wannan ɗaya a baya. Ta ce akwati yadda ya zo cikakke haka yake tafiya. Ya tambaya wa ke sallamar akwatin. Ta ce wani ma'aikaci ne a Maradi da ake ce wa Mushe Abdul Razak, shi ke bugo waya ya ji ko Tasawa ta gama, kuma idan aka ce masa mutane da yawa na jira yakan ɗaga kwana.

"Amma ba za a tsaida akwati guda saboda mutum ɗaya ba, Baba."

"Gaskiyarki, ɗiyata," in ji shi. "Mota ba ta jiran fasinja ɗaya."

Ya fito yana tafiya a hankali. Bai taɓa sallamar mota ya kasa jin saukarta ba, ga shi za a ɗauke masa jirgi cike da mutane, da mai naƙuda a ciki, ruwa na shiga. Kafin ya kai ƙofar gida ya gama shawara. Motar da fasinja ɗaya ke riƙe da ita za ta tashi. Wadda kowace kujera da hula a kanta kuwa, sai direba ya kashe inji ya nemi inuwa.

Washegari ya zo da saƙon wani malami daga Attantane, a kama masa littafi. Jibi ya zo da na Hamza mai faci. Ranar kasuwa ya zo da saƙonni har aljihu biyu, ciki har da na Na Allah mai amalanke daga Hawandawaki. Kowane suna na mutum ne mai rai, don Sha'ibu ba ya ƙarya da mutumin da babu. Sai ya je ya gaida mutum, ya ba shi goro, ya ce ya ara masa sunansa, ba zai lalace ba. Littattafan kuma ba ya tsayawa karanta bangonsu, lokaci ba ya isa. Da yatsa yake nunawa: wancan ja na Hamza ne, wancan mai kauri na Na Allah, wancan kore Mamudu ya daɗe yana marmarinsa.

Madam Uwani ba yarinya ba ce, tun a saƙo na huɗu ta gane. Sai dai mutumin nan sa'an mahaifinta ne, kuma shekarun da take koyarwa a daji da goyo a baya, shi ke ɓoye mata kujerar gaba da hularsa ta kansa. Da wane baki za ta ce masa Baba ƙarya kake yi? Ta yi ta yankan kwali har na sukari ya ƙare, ta koma na shayi. Da Mushe Abdul Razak ya bugo waya, ta waiga ta dubi kantar bayanta, ta gaya masa abin da idonta ya gani: kanta ta cika, har an fara jerawa a ƙasa. Mushe ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce ashe mutanen Tasawa sun farka, a bar masu akwatin har bayan jarrabawa. Madam ta ajiye waya tana jin kunya da daɗi a haɗe, ta san kuma yanzu ita ma tana cikin motar.

Sha'ibu ya koma tabarmarsa da kwanciyar rai. Direban jirgi ya sa an zubar da rabin lodi a teku, abin da Sha'ibu ya ce da tun a tasha ya ji magana da ba a kai haka ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne ƴan kolej. Jarrabawar birbe, ta fita kolej, ta matso, kuma a cikin akwatin nan akwai littattafan bita da ba a samunsu a wani waje a garin. Yara su shigo da rana tsaka, gumi na zuba, su tarar da akwati wayam, littattafan na bayan kan Madam, kowanne da kwali ya leƙo kamar harshe. Masu kamu ba su zuwa ɗauka, waɗanda suka zo ba su da damar taɓawa.

Cikin yaran akwai Najiba, ɗiyar wani tela, wadda lissafi ke ba wahala, kuma ta san idan ta faɗi ba lalle a bar ta ta maimaita ajin ba. Littafin lissafi mai amsoshi take nema. Ta tambayi wanda ya kama, Madam ta karanta mata sunan: Na Allah, Hawandawaki. Najiba ta san Na Allah, shi ke kawo wa uwarta itace. Ranar kasuwa ta tare shi yana kwance bijimi daga amalanke, ta gaishe shi, ta tambaya yaushe zai gama da lissafin don ita ma ta samu. Na Allah ya yi dariya har ya dafa ƙahon bijimin. Ya ce shi lissafinsa na damin itace ne, kuma a ka yake yinsa. Ya ce ta je ta tambayi Sha'ibu da ya ari sunansa da goro ɗaya, goron ma mai tsutsa.

Ta koma wa Madam da maganar. Madam ta ce ita dai bakinta ba zai iya da Baba ba. Ta ci gaba da jera littattafai, can kamar mai magana da kanta ta ce Baba na tsakiyar littafin jirgin nan da Najiba ta fara ara, kuma ba abin da ya tsana kamar a gaya masa abin da ke gaba. Wata rana wani ya fara, Baba ya fice ya bar takalmi ɗaya. Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Da safe Sha'ibu na rumfar Mamudu, littafi a cinya, direbobi kewaye da shi, sai ga yarinya da kayan lakol ta durƙusa har ƙasa. Ta gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ta tambayi gwiwa, ta tambayi iyali, ta gaida kowa. Sannan ta ce ta zo ne a kan littafin lissafin da Na Allah ya kama. Sha'ibu ya kurɓi shayi ya ce Na Allah mutum ne mai son ilimi, a yi masa haƙuri, Hawandawaki da nisa kuma yashi ya yi yawa bana. Ta ce to, Allah ya kawo shi lafiya. Ba ta tashi ba.

"Baba, na ga littafin jirgi a hannunka. Ni ma na karanta shi tun akwati na sabo. Kana ina?"

Direbobi suka amsa masa: an zubar da lodi, ruwan sha ya kusa ƙarewa, matar na naƙuda.

"Allah sarki," in ji ta. "Ashe ba ka kai wajen kuku ba."

Sha'ibu ya ajiye kofi a hankali. Hamza mai faci ya matso ya ce mi ya sami kuku. Sha'ibu ya ce masa ya rufe baki ko ya koma wajen tayoyinsa, ya kuma janyo hula ya rufe kunnuwa, amma ta yadda zai ji. Najiba, har yanzu a durƙushe, ido a ƙasa, ta ce ita ba ta zo rashin kunya ba. Kawai tunda ba ta da littafin bita, lokaci ya yi mata yawa, don haka za ta riƙa biyowa kowace safiya ta gaishe shi, ta kuma ba shi labarin fasinja ɗaya. Gobe kuku. Mai ciki za ta bari sai ƙarshe.

Sha'ibu ya shekara da shekaru yana ciniki da masu taurin kai, don haka ya fara ciniki. Ya ce zai yi wa Na Allah magana ya saki lissafin, shi ke nan. Ta ce akwai ƙawarta Sumaiya da ke jiran na jikin ɗan Adam, wanda Malam Hamza ya kama. Hamza ya tambaya mi ke ciki. Da aka gaya masa har da yadda ake haihuwa, da hotuna, rumfa ta kaure da dariya, Mamudu ya ce shi ya sa kwanan nan facin Hamza ba ya riƙewa. Sha'ibu ya ce to a raba biyu, rabi ya sauka rabi ya zauna. Ta ce sai dai duka. Ya ce zai haɗa ta da ubanta. Ta ce ubanta na shago, kuma shi ma ta ba shi labarin jirgin tun daga farko har ƙarshe, idan Baba ya je zai iya tambayarsa.

Daga nan abin ya lalace masa ta inda bai zata ba. Direbobin nan sun yi watanni suna shan labarin da cokali. Na Damagaram ya goge benci da hannun riga ya ce yarinya ta zauna, a zuba mata shayi da madara, ta faɗi kukun yau ma, mi za a jira gobe. Wani ya ce ta fara da mai ciki. Sha'ibu ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ga abin da ya sha nuna wa baƙi: mutanen da ya zuba a mota suna sauka, sun bar shi zaune.

Najiba ta ɗaga kai kaɗan.

"Baba, a tasha mutum mai kai ɗaya huluna nawa yake ajewa?"

Sha'ibu ya taɓa hularsa.

"Ɗaya," in ji shi.

Mamudu, wanda ba a tambaye shi ba, ya ƙara da cewa kuma mai hular da bai dawo ba har aka tada inji, Sha'ibu da hannunsa ke jefo hular ta taga.

Ya tashi, ya saɓa littafinsa, ya nufi ɗakin karatu, yarinyar na biye da shi a nesa kamar yadda ya dace. Ya ce wa Madam an samu canji, wasu fasinja sun fasa tafiya. Da kansa ya riƙa zare kwalayen yana sanarwa: Na Allah ya fasa, Hamza ya fasa, malamin Attantane ya ce sai baɗi. Madam na karɓa ba ko murmushi, tana cewa Allah ya sa hakan ya fi alheri, a gaishe su. Da ya zare na ƙarshe ya juya ga Najiba ya sa ta yi alkawari ba za ta buɗe baki a kan jirgin ba, ko a gabansa ko a bayansa, ita da ubanta. Ta yi, ta kuma cika. Kafin azahar akwati ya koma hannun yara.

Ranar ce Madam ta sa dokar da ake bi har yau. Kamu biyu ga mutum ɗaya, mai kamu ya zo da ƙafarsa a ga fuskarsa, kuma littafin da aka kama ba a ɗauka ba har kasuwa ta zagayo, a jefo hular ta taga. Ranar ce kuma sunan Kama-Waje ya kama shi. Bai taɓa jin haushin sunan ba. Da sakamako ya fito Najiba ta ci, sai ya riƙa gaya wa kowa cewa ba don shi ba da akwati na Mayahi tun kafin jarrabawa, yarinyar nan bashinsa take ci. Abin haushin, in ji innata, maganar tasa gaskiya ce.

Amma jirgi bai kai gaci ba. Ya ƙara himma, har ya fara tsallake gaisuwar maƙwabta, duk da haka ranar da ruwan farko ya sauka aka rufe akwati, saura masa kaurin yatsa ɗaya. Ya miƙa wa Madam littafin da kansa, bai roƙi komai ba. Aka kai akwati tasha aka ɗaure a saman motar Mayahi. Da direba ya buɗe gaba sai ya tarar da hula a kan kujera. Kowa a tashar ya san hular.

Haka Sha'ibu ya zama fasinja. An ce tun daga barin kwalta yake faɗa, cewa an yi lodi ba tsari, kuma duk wanda ya cusa mutum huɗu a kujerar uku ba ya tsoron Allah. Direban kuwa a hannunsa ya koyi cusawar.

A Mayahi wani saurayi mai suna Muddassir ke kula da ɗakin karatu. Ya buɗe akwati yana mita cewa tun zafi suke jira, ba su san mi mutanen Tasawa ke yi da littattafai haka ba. Sha'ibu ya ce shi ma ya yi mamaki. Ya yanki katin aro, ya nemi littafin jirgi. Muddassir ya ce akwai mutum biyu a gabansa, sun bar sunansu tun akwati bai zo ba, don direbobin hanyar sun cika gari da labarin wata mata mai naƙuda a tsakiyar teku, kowa na so ya ji ƙarshe. Sha'ibu ya gyaɗa kai. Ya ce hularsu ta riga tasa, a sa shi na uku.

Ya sauka gidan wani ɗan'uwansa ya jira. Kwanakin nan ya yi su cikin fargaba, don mutanen biyu na yawo a gari da ƙarshen labarin a bakinsu. Ɗaya ma'aikacin asibiti ne, saboda haka ko da gwiwa ta matsa masa bai je ba. Da layi ya zo kansa bai kai littafin gida ba. A ɗakin karatun yake zama daga buɗewa har rufewa, ruwa na dukan kwano, yatsa na tafiya.

Gero ya kai gwiwa ranar da ya sauka a tashar Tasawa. Aka kewaye shi, ya wuce ya zauna a rumfar Mamudu, aka zuba masa shayi, sai da ya sha rabi.

"Sun sauka lafiya," in ji shi.

Rumfa ta amsa da alhamdu lillahi, har da waɗanda suka shafa fuska. Matar ta haifi ɗiya mace, mijin ya zo tarba, direban jirgi ya sha faɗa a wajen masu jirgin, abin da Sha'ibu ya ce ya yi masa kaɗan. Hamza ya ce to kuku fa. Sha'ibu ya ce ba abin da ya sami kuku. Ƙiba ya ƙara, ya buɗe rumfar abinci a bakin ruwa. Ya girgiza kai ya ce Najiba ta tsorata shi a banza, da namiji ce da ita ya bar wa tasha.

Sai dai a shafin ƙarshe an rubuta cewa jirgin zai juyo gida, kuma labarin dawowar na cikin littafi na biyu. Ba ya cikin akwatin shekarar, bai zo a na bayanta ba, har yau bai zo ba. Idon Kaka Sha'ibu kuma ya yi rauni, yanzu manyan baƙaƙe kawai yake gani.

Shekarar da na shiga kolej na yanki katina na farko, na kai masa ya gani. Ya shafa shi, ya kai kusa da ido, ya tambaya ko har yanzu kwalin sukari Uwani ke yanka. Na ce shi ne. Ya sa na matso, don kada matarsa ta ji ta yi dariya.

"Amaryata, motar da ta je sai an ji dawowarta. Duk shekarar da akwati ya zo da na biyun, ki ce wa Uwani ta kama mini. Da sunana, ba na kowa ba, kuma guda ɗaya. In ta ce sai ta ga fuskata, ki zo ki ja ni. In idona bai iya ba, ke za ki karanta mini, amma a hankali, kuma kada ki leƙa gaba."